Kalmomin Turawa a Harshen Malay: Ba Duka Ne Daga Ingilishi Ba

An daɗe ana cewa duk kalmar Turawa da ke cikin harshen Malay da na Indonesiya daga Ingilishi aka aro ta. Ba abin mamaki ba ne, Ingilishi ne ya cika kunnuwa a yau. Amma mutanen Fotugal sun riga Ingila zuwa, tun 1511 suka kama birnin Malaka da ke ƙasar Malesiya ta yau. Daga "mesa" ɗinsu aka samu "meja", wato tebur, "janela" kuma ta koma "jendela", taga.

Tawul ya fi burge ni. A Malesiya "tuala" ake ce masa, aron Fotugal. A Indonesiya kuwa "handuk" ne, daga "handdoek" na mutanen Holan da suka mulke su.

Mai son tabbatarwa ya duba ƙamus mai nuna asalin kalma, ya gwada lafuzzan da kansa. Don Allah a tura wa 'yan'uwa wannan bayani.