Inabi Ba Sai Ƙasar Sanyi Ba

Tun muna yara a Zariya ake gaya mana inabi ɗan Turai ne, sai inda ake zuba ƙanƙara yake yi. Wannan magana ba haka take ba, kuma ta hana manoma da yawa gwadawa.

Abin da kurangar inabi ke buƙata shi ne rana mai yawa, da iska busasshiya lokacin da 'ya'yan ke nuna. Babban abokin gabarta danshi ne. Ruwa ya yi yawa, sai fumfuna ta kama ganye, 'ya'yan su tsage su ruɓe.

Ƙasa ma haka. A Bodo, yankin Faransa da ya shahara da noman inabi, da yawa daga gonakin da suka fi suna a kan tsakuwa suke, domin ruwa ba ya kwanciya a gindi. Ka kai inabi fadama mai laka, ganye zai yi ta tohowa, 'ya'ya kaɗan.

To mu nan muna da hunturu, watanni ba ɗigon ruwa. Ka je Kudan, kusa da mu, ka ga nonnan inabi suna reto a ƙarƙashin rumfunan waya. Manoman sukan datse rassa wajen ƙarshen damina, su yi ban-ruwa daidai gwargwado, 'ya'yan su nuna cikin rani.