Asalin kalmar "news" ba kusurwoyin duniya huɗu ba ne

An daɗe ana cewa an haɗa kalmar "news" ne daga haruffan farko na arewa, gabas, yamma da kudu a Turanci (north, east, west, south), wai don labari daga ko'ina yake zuwa. Bayanin yana da daɗin ji, shi ya sa ya karɓu, amma ba haka tarihin yake ba. Kalmar jam'in "new" ce, wato sababbin abubuwa, kamar "nouvelles" a Faransanci. Tun ƙarni na 15 ake amfani da ita a Ingila, kuma a da "newes" ake yawan rubutawa, da haruffa biyar ba huɗu ba, alhali ƙirƙirar kalma daga haruffan farko sai a ƙarni na 20 ta yaɗu. Mai son tabbatarwa ya duba ƙamus mai nuna tarihin kalmomi da tsohon rubutunsu. Don Allah a isar da wannan bayani ga wasu.