Malami da na'ura a aji: me ke hana shi sakin jiki?

A makarantu da yawa an kawo kwamfutoci, an kawo majigi, wasu wuraren har an kafa sola. Amma in ka leƙa aji, alli da allo ne ke aiki, na'urorin kuma suna ɗaki a kulle, an lulluɓe su da leda saboda ƙura. Ga amsoshin wasu tambayoyi da ake yawan yi kan wannan.

Malamin da kullum yana WhatsApp da Facebook, me zai ba shi tsoro a kwamfuta?

Ba na'urar yake tsoro ba, idon yara yake tsoro. A wayarsa in ya danna ba daidai ba, babu wanda ya gani. A aji kuwa yara sittin ko saba'in sun zuba masa ido, majigi ya ƙi kawo hoto, yana ta juya waya a bayan kwamfuta, can daga baya wani ya ce, "Malam, ba nan ake sawa ba." Aji ya fashe da dariya. Mutumin da ya yi shekara ashirin yana koyarwa ana ganin girmansa, ba zai so ya sake tsayawa a wannan hali ba.

Akwai tsoro na biyu da ba a cika faɗa ba: kayan gwamnati ne. In ya lalace a hannunka, wa zai biya? Muddin malami na zaton za a yanka albashinsa ko a kira shi ofis, gara masa ya bar abin a kulle.

To ai ana shirya musu bita. Ba ta isa ba?

Bitar kwana biyu ko uku a babban ɗakin taro, mutum ɗari da mai gabatarwa ɗaya, tana koya wa malami sunayen abubuwa ne kawai. Ya ga an buɗe fayil, ya ga an rufe, ya karɓi takardar shaida da kuɗin mota. Ranar Litinin ya koma ajinsa, babu wanda zai tambaya in abu ya cije. Bayan wata ɗaya ya manta.

Ƙasar Peru ta gwada raba kaya da yawa a shirin nan na kwamfuta ɗaya ga kowane yaro, inda ta raba dubban ɗaruruwa a makarantun firamare. Da Bankin Raya Ƙasashen Nahiyar Amurka ya fitar da sakamakon bincikensa a 2012, bayan nazarin makarantun karkara 319, sai aka ga yaran sun iya sarrafa kwamfutar, amma makinsu a lissafi da harshe bai ƙaru ba. A ganina dalilin a fili yake: na'ura ta shiga aji, salon koyarwa bai motsa ba.

Wace irin horarwa ce ke sa malami ya saki jiki?

Wadda ta fara daga darasin da zai koyar a makon nan. Ɗauki malamar kimiyya a ƙaramar sakandare da za ta koyar da yadda lantarki ke zagayawa. A da sai ta zana batir da ƙwai a allo, ta ce yara su kwafa. Akwai manhajar PhET ta Jami'ar Colorado a Amurka, kyauta ce, kuma ana iya sauke ta a yi aiki da ita ba intanet. A ciki za ta ja batir, ta ja waya, ta haɗa da ƙwai, ƙwan ya kama a gaban yara. Ta ƙara batir na biyu, haske ya ƙaru. Ta cire waya ɗaya, ya mutu. Sai ta tambaye su, "In na sa ƙwai biyu a jere, me kuke gani zai faru?" Minti goma ne aikin na'urar, sauran darasin nata ne kamar kullum.

Abin da take buƙata kafin ranar shi ne wata abokiyar aiki ta zauna da ita a ofishin malamai, ta bar ta ta danna da hannunta sau uku ko huɗu, ba a yi mata tana kallo ba. Ranar darasin kuma abokiyar ta zauna a bayan aji, ko da ba za ta ce komai ba. Kuma kada a ƙara mata manhaja ta biyu sai wannan ta zauna a hannunta. Yawancin masu shirya horo suna gaggawar nuna abu goma, alhali guda ɗaya da malami ya yi nasara da shi a gaban ɗalibansa ya fi goman amfani. Da rarrafe yaro kan tashi.

Ina wuta, ina data?

Tambaya ce ta gaskiya, kuma duk horon da ya kauce mata ɓata lokaci ne. A fara da abin da ke aljihun malami. Ya sauke bidiyo ko sauti lokacin da yake da data, ya tura wa abokan aiki ta Xender ba tare da kashe ko kwabo ba, ya sa wa yara da 'yar ƙaramar lasifika mai caji. Malamin Turanci da ya sa wa aji karatu da lafazi mai kyau na minti uku ya yi amfani da fasaha, ko da babu kwamfuta a garin. Akwai kuma manhajar karatu ta Kolibri, da aka ƙera musamman don wuraren da babu intanet, da dandalin darussa na Nigeria Learning Passport da Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta ƙaddamar tare da UNICEF a 2022. Sannan kowane darasi ya kasance da shirin ko-ta-kwana: in wuta ta ɗauke, a koma allo ba tare da ruɗewa ba. Sanin cewa akwai mafita shi kansa yana rage fargaba.

In ɗalibi ya fi malam iyawa fa?

A ba shi aiki. Yadda ake da monita mai share allo, a samu mai haɗa majigi. Yaron ya san inda ake dannawa, amma bai san abin da ya kamata a koya ba, bai kuma san wanda bai gane ba a aji.

Ba zai fi sauƙi a rubuta darasi a na'ura malami ya bi ba, kamar yadda aka yi a Edo?

Shirin EdoBEST da aka fara a 2018 ya ba malaman firamare ƙananan na'urorin hannu ɗauke da darasi daki-daki, daga baya Legas da Kwara suka bi sahu da irin nasu. Yana da fa'ida ga sabon malami, kuma yana tilasta taɓa na'ura kullum har hannu ya saba. Inda nake da ja shi ne, bin rubutu daban, yanke shawarar lokacin da na'ura za ta taimaka daban. Malamin da bai taɓa zaɓar abin da zai nuna da kansa ba, ranar da batir ya mutu zai tsaya cak.

Me ya sa ake matsawa yanzu?

Saboda jarrabawa ta riga ta koma kwamfuta. Tun 2015 JAMB ta daina ta takarda, hukumar rajistar malamai TRCN ma a kwamfuta take yin tata, WAEC kuma ta fara a 2024 da ɗaliban da ke rubuta jarrabawa don kansu, ba ta hannun makaranta ba. Yaron ƙauye da bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba sai ranar jarrabawa, yana asarar mintuna ne wajen neman inda zai danna, ko da ya san amsar.

Shugaban makaranta me ke hannunsa, tunda ba shi da kasafi?

Mabuɗi na hannunsa. Ya fito da majigi daga ofis, ya ajiye littafin aro da malami zai sa hannu ya ɗauka. Ya faɗa a taron malamai, da bakinsa, cewa abin da ya lalace a bakin aiki ba za a ɗora wa kowa ba. Ya ware awa ɗaya a jadawalin mako, ba bayan an tashi ba lokacin da malamai mata ke hanzarin komawa gida, inda malami ɗaya zai gwada darasinsa a gaban 'yan'uwansa. Kuma makon farko shi ya kamata ya fara tsayawa ya haɗa majigin, in ya ƙi kamawa a taya shi.