Ruwan famfo a Kano: wa ke sa wa Hukumar Ruwa ido, kuma ina za ka kai kuka?

Tambayoyin nan su ne dai kullum ake maimaitawa. Ga amsoshinsu wuri ɗaya. Don Allah a karanta kafin a sake aiko su.

Hukumar Ruwa ta tarayya ce ko ta jiha?

Ta jiha ce. Gwamna ke naɗa manajan daraktanta, kuma tana ƙarƙashin Ma'aikatar Albarkatun Ruwa ta Jihar Kano. A daina ɗora wa Abuja laifin famfon ƙofar gida.

To Abuja ba ruwanta ke nan?

Da ruwanta, amma a madatsa. Madatsar Tiga da aka kammala a 1974 da ta Challawa da ke Ƙaraye suna hannun Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, ita kuwa ta tarayya ce. Daga can ake sakin ruwa ya biyo kogi, matatun Tamburawa da na Challawa su zuƙa su tace. Idan kogi ya ja baya da rani har injin zuƙa ya rasa abin ja, akwai tambayar da za a yi wa tarayya. Daga bakin matatar ruwa zuwa randarka kuwa, duk na jiha ne.

An ce an ware wa ruwa biliyoyi a kasafin kuɗi. Ina ruwan?

Warewa daban, saki daban, kashewa daban. Abin da gwamna ya karanta a gaban majalisa alkawari ne a takarda. Ka nemi rahoton aiwatar da kasafi da jiha ke fitarwa duk wata uku, ka duba layin ruwa, ka ga nawa aka saki a cikin abin da aka ware. Da wannan adadin ake tuhuma, ba da wanda aka ji a rediyo ba.

Wa ke binciken kuɗin hukumar?

Nan mutane suka fi kuskure. Ana zaton Babban Mai Binciken Kuɗi na Jiha ne ke zama ya bi littattafanta ɗaya bayan ɗaya. Sashe na 125 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 bai ba shi wannan ba a kan hukumomin da aka kafa da doka. Abin da ya ce shi ne ya ba su jerin ƙwararrun masu bincike na waje su zaɓa a ciki, ya ba da ƙa'idar ladan da za a biya su, sannan ya yi tsokaci a kan rahotonsu. Yana kuma da ikon leƙawa lokaci-lokaci. Rahotonsa na shekara yana zuwa Majalisar Dokokin Jiha, kwamitin kula da asusun gwamnati ya duba. Sashe na 128 da na 129 sun ba majalisa ikon yin bincike da kiran duk wani jami'i ya zo ya yi bayani, in ya ƙi a ba da sammacin kawo shi.

Ikon yana nan a rubuce. Matsalar ita ce gwamnatin da ta mallaki hukumar ita ke naɗa shugabanta, ita ke amincewa da farashin ruwa, ita ke sayo mata alif da man gas in ta ga dama, ita kuma ake jira ta tsawata mata. Shi ya sa ɗan majalisar mazaɓarka ya fi muhimmanci a maganar ruwa fiye da yadda kake ɗaukarsa.

Ana kawo mini bil duk wata, famfo kuwa ko ɗigo. In daina biya?

Kada ka yi gaggawa, Malam. Amsar ta danganta da abubuwa da yawa, kuma daina biya shiru shi ne mafi munin zaɓi. Gidajen da ba su da mita galibi kuɗi tsayayye ake yanka musu duk wata, ko ruwa ya zo ko bai zo ba. In ka yi shiru, bashi ne ke taruwa a kan lambar gidan, ran da ruwa ya dawo da shi za a tarye ka, har da kuɗin sake haɗawa in an yanke.

Fara tabbatar da cewa matsalar ba daga wajenka take ba. Duba makullin da ke bakin shigowar ruwa gida. Tambayi maƙwabcin da kuke layi ɗaya, ka kuma tambayi wanda ke gangare da kai. Idan shi yana samu kai ba ka samu, mai yiwuwa ƙarfin turawa ne bai kai tudunku ba, ko kuma ƙaramin bututun da ya shigo gidanka ne ya toshe. Tsohon bututun ƙarfe na rabin inci yana cin tsatsa ta ciki har ramin ya kusa rufewa, wannan kuwa yawanci gyaran mai gida ne. Ka bar famfo a buɗe da bokiti a ƙasa cikin dare, don a unguwanni da dama sai wajen ƙarfe biyu ko uku na dare ruwa ke iya hawowa, lokacin da masu ɗiba suka ragu. Ka kuma duba ko wani a layinku ya ɗaura injin zuƙa kai tsaye a jikin bututun hukuma. Inji ɗaya yana iya busar da gidaje da yawa a bayansa. Idan kuma an yi aikin titi ko kwalbati kwanan nan, to bututu ne wataƙila aka datse aka binne.

In ka gama wannan ka ga laifin ba naka ba ne, sai takarda. Ka riƙa rubuta rana da sa'ar da ruwa ya zo da sa'ar da ya ɗauke, na tsawon wata guda. Ka rubuta wasiƙa zuwa ofishin hukumar na shiyyarku, ka sa lambar da ke jikin bil, da adireshi, da ranar ƙarshe da ka ga ruwa. Ka faɗi abin da kake nema ƙarara: a turo ma'aikaci ya duba layi, a dakatar da bil ko a rage na watannin da ba ruwa, in kuma ka haƙura da famfon gaba ɗaya, a yanke a hukumance a rufe lambar. Kwafi biyu za ka yi. A buga maka hatimi da kwanan wata a kan naka. Wasiƙar da ba hatimi, gobe za a ce ba a gan ta ba, kuma ba ka da bakin musu. In gidaje ashirin suka sa hannu tare da mai unguwa, ta fi ta mutum ɗaya nauyi nesa ba kusa ba.

Za a yafe maka bashin? Ba wanda zai yi maka wannan alkawari. Wani lokaci a rage, wani lokaci a ce ka biya wani abu tukuna. Idan abin da ake nema kaɗan ne kuma kana sa ran ruwa zai dawo, sau da yawa ya fi sauƙi ka biya ka rubuta cewa ba ka yarda da lissafin ba, ka ci gaba da bin kadi. Idan shekaru ne ba ruwa kuma ka riga ka haƙa burtsatse, nemi a rufe lambar. In haya kake, ka sa mai gidan a ciki tun farko, don lambar tasa ce.

Bayan mako biyu ba amsa, kai kwafi hedikwata. In nan ma shiru, akwai Hukumar Karɓar Ƙorafe-ƙorafe da Yaƙi da Cin Hanci ta Jihar Kano, akwai kuma hukumar ƙorafi ta tarayya da ke da ofishi a jihar, kuma ka aika wa ɗan majalisarku kwafi. Kotu ita ce ta ƙarshe, kuma kada ka je ba lauya, don dokokin hukumomi da yawa sun ce sai an ba su sanarwa kafin a shigar da ƙara.

Ma'aikaci ya ce in ba shi wani abu a hannu ya share mini bashin.

A'a. Kuɗin da ba rasit bai shiga asusun hukuma ba, bashinka kuma yana nan. Kai ma ka zama cikin masu kashe famfon.

Ruwa ya zo ja, har da wari. NAFDAC zan kira?

NAFDAC ruwan leda da na roba take kula da su. Ruwan famfo yana da ma'aunin ingancin ruwan sha na ƙasa, NIS 554, wanda aka fitar a 2007 aka sabunta a 2015: dagulewar ruwa kada ta wuce 5 a ma'auninta na NTU, pH (ma'aunin tsamin ruwa) tsakanin 6.5 da 8.5, ƙwayar E. coli da ke nuna kashi ya shiga ruwa kuwa ko ɗaya kada a samu a mililita 100. Kulorin ma ya kamata a samu ragowarsa a bakin famfo, aƙalla miligiram 0.2 a lita.

Kada hankalinka ya tashi don ruwan farko ya zo ja bayan an daɗe ba ruwa, tsatsa da laka ne ya kwaso, bar shi ya zuba har ya washe. Warin kwata ne abin tsoro. Bututun da ya zauna ba ruwa a ciki yakan zuƙo abin da ke kewaye da shi ta inda ya tsage, kuma dubi yadda ƙananan bututu ke bi ta cikin lambatu a lungunan cikin birni. Ta nan amai da gudawa ke shigowa. Kada a sha sai an tafasa, a sanar da ofishin shiyya a rubuce a ranar, a kuma gaya wa jami'an lafiya na ƙaramar hukuma.

Ina da ikon ganin takardun kwangila?

Kana da shi. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba hukuma kwana 7 ta amsa, tana iya ƙara wasu 7 in da dalili, in ta hana kana da kwana 30 ka je kotu. Jihohi sun daɗe suna cewa dokar ba ta hau kansu ba, sai Kotun Ƙoli ta yanke a 2025 cewa ta hau. Amma ka san abin da za ka tambaya. "Ina kuɗin ruwa?" ba tambaya ba ce. Sabuwar matatar Tamburawa an gina ta ne don lita miliyan 150 a rana, ta Watari miliyan 75. Ka nemi lita nawa kowace ta fitar a kowane wata na bara, da injin turawa nawa ke aiki, da sa'a nawa aka samu wutar KEDCO.

Ba gara a sayar wa 'yan kasuwa kowa ya huta ba?

Wa zai sa wa ɗan kasuwar ido? Gwamnatin nan dai. In ba ta iya tuhumar hukumar da take mallakinta ba, kamfanin da ke da lauyoyi da yarjejeniyar shekara ashirin ba zai fi mata sauƙi ba. Kafin a yi maganar sayarwa sai an samu mai sa ido da ba gwamna ke iya sallamarsa da safe ɗaya ba, da mita a gidaje, da lissafin da aka bincika aka buga kowa ya gani.

Bututu ya fashe a titinmu, wa zan gaya wa?

Ofishin shiyya, yau. Da hoto, da sunan titi, da wata alama da ke kusa. Kada ka ce wani ya riga ya faɗa.