Dokokin amfani da wayar salula a cikin jirgin sama

Dokokin amfani da wayar salula a cikin jirgin sama su ne ƙa'idojin da hukumomin sufurin jiragen sama, da hukumomin sadarwa, da kamfanonin jiragen kansu suka gindaya kan yadda fasinja zai yi da wayarsa tun daga rufe ƙofar jirgi har ya sauka. A yawancin ƙasashe a yau an yarda waya ta zauna a kunne muddin an sa ta a yanayin jirgi, wato an katse ta daga turakun sadarwa na ƙasa. Wasu kamfanonin na neman a kashe ta gaba ɗaya lokacin tashi da sauka, wasu kuma sun ɗora wa jiragensu na'urorin da ke ba da damar kira da shiga intanet ana cikin tafiya. Abin da ya kawo wannan bambanci shi ne dokar ba daga hannu ɗaya ta fito ba. Hukumomi daban-daban ne suka kafa ta, kowace da abin da take gudu, kuma abin da ake gudun ya yi ta sauyawa cikin shekaru sittin.

Asalin haramcin

Tun kafin a ƙera wayar salula aka fara wannan magana. A shekarar 1961 hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Amurka, FAA, ta hana fasinjoji kunna ƙaramar rediyon FM a cikin jirgi, bayan an gano tana dagula na'urar VOR da matuƙa ke bin hanya da ita. Daga nan aka samu ƙa'idar da ake tafiya a kanta har yau: na'urar lantarki da fasinja ya shigo da ita haramtacciya ce sai kamfanin jirgin ya tabbatar ba za ta taɓa na'urorin tuƙi da na sadarwa ba. Nauyin kawo hujja yana kan mai son a halatta.

Haramcin da ya shafi wayar salula kai tsaye ya zo a 1991, kuma hukumar sadarwa ta Amurka, FCC, ce ta kafa shi. Damuwarta tana ƙasa, wajen turakun sadarwa. Wayar da ke hannun mutum a kan titi turaku kaɗan take iya kaiwa, domin gine-gine da tuddai da nisa sun tare sauran. Da wannan ne kamfanonin waya ke iya amfani da zango ɗaya a unguwanni mabambanta ba tare da kira ya hau kan kira ba. Idan wayar ta yi sama babu abin da ya tare ta, sai ta riƙa taɓa turaku da yawa a lokaci guda, ga jirgin yana gudun kilomita 800 zuwa 900 a sa'a, tana tsalle daga wannan turke zuwa wancan kafin a gama miƙa ta. Waya ɗaya ba komai ba ce. Ɗaruruwan wayoyi a jiragen da ke shawagi a kan babban birni su ne abin da hukumar ta hango.

Ko waya na iya dagula na'urorin jirgi?

Nan ne aka fi yin gardama, kuma amsar tana bukatar a bi ta a hankali. Waya idan ta rasa sabis ba ta haƙura. Ƙara ƙarfin siginarta take yi tana laluben turke, kuma wayar GSM, wato mai aiki da tsohon tsarin 2G, na iya kaiwa wat 2 a wannan hali, shi ya sa ma batirinta ke saurin ƙarewa a jirgi idan an manta ba a katse ta ba. Jikin jirgi kuwa dogon bututun ƙarfe ne da wayoyin lantarki masu tsawon kilomitoci suka ratsa ta ko'ina, ta ƙarƙashin dabe da bayan bango, kuma kowace doguwar wayar lantarki na iya tsintar sigina kamar eriya.

Duk wanda ya taɓa ajiye tsohuwar waya kusa da lasifika ya san ƙarar nan ta "dit-dit-dit" da ke tashi daƙiƙa biyu kafin kira ya shigo. Wayar GSM na aika saƙonta ne a gutsure, sau 217 a daƙiƙa, kuma wannan bugun ne lasifikar ke kamawa. Matuƙa sun sha ba da rahoton jin irin wannan ƙara a abin saurarensu na kunne. A sararin sama cikin natsuwa, abin haushi ne kawai. Amma a ce jirgi na gangarowa cikin hazo, mai kula da zirga-zirga daga hasumiya yana faɗa wa matuƙi tsayin da zai tsaya da lambar titin da zai sauka, sai ƙarar ta haɗiye lamba ɗaya. Dole a maimaita, kuma a wannan lokacin daƙiƙa tana da tsada.

An yi gwaje-gwaje da dama. A 2003 hukumar sufurin jiragen sama ta Birtaniya ta gwada siginar waya mai ƙarfi dab da na'urorin jirgi a ɗakin gwaji, ta ga allurar kamfas tana sandarewa, alamomin hanya suna kaucewa, ƙara tana shiga na'urar magana. A ƙarshen shekarar nan kuma masu bincike daga jami'ar Carnegie Mellon suka hau jirage 37 a Amurka da na'urar auna sigina a cikin jaka, suka gano cewa duk da haramcin ana yin kira ɗaya zuwa huɗu a kowace tafiya. A 2014 FAA ta ba da umarnin a sauya wasu allunan nuni na kamfanin Honeywell a ɗakin matuƙan jiragen Boeing 737 da 777 fiye da 1,300, saboda gwaji ya nuna siginar Wi-Fi na iya sa allon ya ɗauke.

Duk da haka, babu wani hatsarin babban jirgin fasinja da bincike ya tabbatar cewa siginar wayar fasinja ce ta haddasa shi. Hatsarin da aka fi ambata shi ne na jirgin Crossair mai lamba 498, wanda ya faɗi jim kaɗan bayan tashinsa daga Zurich ranar 10 ga Janairun 2000, mutane goma suka rasu. An duba batun waya a binciken, amma rahoton ƙarshe ya danganta hatsarin ga ruɗewar matuƙi game da yadda jirgin ya karkata. A wani hatsarin na ƙaramin jirgi kusa da Christchurch ta ƙasar Niyu Zilan a watan Yunin 2003, inda mutane takwas suka mutu, matuƙin ne da kansa ya buga waya yana shirin sauka, kuma masu bincike sun nuna yiwuwar hakan ya ɗauke masa hankali.

Masu sukar dokar na cewa tunda kullum ana mantawa da wayoyi a kunne kuma jirage na sauka lafiya, to dokar ba ta da amfani. Wannan hujja ba ta cika ba. Tsaron jirgin sama an gina shi ne a kan toshe ƙananan ƙofofi da yawa, domin hatsari yakan zo ne idan ƙananan matsaloli uku ko huɗu suka haɗu a minti ɗaya. Jirage ba shekarunsu ɗaya ba, rufin kariyar wayoyin lantarkinsu yana tsufa, samfuran waya kuma dubbai ne, har da na jabu da waɗanda suka sha gyara. Danna maɓalli ɗaya bai kai nauyin da za a yi jayayya a kansa ba.

Sassaucin 2013 da abin da ya biyo baya

Shekaru da yawa ana sa fasinjoji su kashe kowace na'ura idan jirgi yana ƙasa da ƙafa 10,000. Ranar 31 ga Oktoban 2013 FAA ta sanar da cewa kamfanonin da suka gwada jiragensu za su iya barin fasinja ya riƙe wayarsa a kunne daga tashi har sauka, in dai tana yanayin jirgi. Ta bar ƙofa ɗaya: a kusan kashi 1 cikin 100 na tafiye-tafiye, idan za a sauka cikin hazo mai kauri ana dogaro da na'ura kaɗai, ma'aikata na iya cewa a kashe komai. Hukumar kula da tsaron jiragen sama ta Tarayyar Turai, EASA, ta bi sahu a Disambar shekarar, sannan a Satumban 2014 ta ƙara gaba, ta ce kamfanin da ya tabbatar da juriyar jirginsa zai iya barin waya ko da ba a sa ta a yanayin jirgi ba. Ƙasar Sin ta daɗe tana hana kunna waya kwata-kwata, sai a Janairun 2018 kamfanoninta suka fara yarda da yanayin jirgi.

Yanayin jirgi yana katse layin waya, kuma yakan kashe sauran masu aika sigina na waya a tashi ɗaya. Bayan haka ana iya sake kunna Wi-Fi ko Bluetooth su kaɗai, kuma galibin kamfanoni sun yarda da hakan domin ƙarfinsu bai kai na layin waya ba ko kusa.

Kira daga sama

Dabarar da ta buɗe hanyar kira a jirgi ita ce a kawo turken cikin jirgin. Ana ɗora wata ƙaramar tashar sadarwa da ake kira fikosel, wayoyin fasinjoji su kama ta, ita kuma ta miƙa kiran ga tauraron ɗan'adam, daga can ya sauko ƙasa. Tunda tashar na nan kusa, waya ba ta bukatar ɗaga murya, sai ta yi aiki da ƙarfi mafi ƙanƙanta, ba ta kuma taɓa turakun ƙasa. Da dabara ɗaya aka kashe damuwar hukumomin biyu, na jiragen sama da na sadarwa. Ranar 20 ga Maris na 2008 kamfanin Emirates ya fara ba da wannan dama a wani jirginsa da ya tashi daga Dubai zuwa Kasablanka. A watan Afrilun shekarar Tarayyar Turai ta fitar da ƙa'idar da ta yarda da tsarin idan jirgi ya haura mita 3,000, daga baya ta shigar da 3G da 4G, sannan 5G a Nuwamban 2022.

Amurka ba ta bi ba, kuma dalilinta a wannan karon na zamantakewa ne. Da FCC ta kawo shawarar ɗage haramcinta a Disambar 2013, ƙungiyoyin ma'aikatan jirgi da ɗimbin fasinjoji suka yi ca, suna cewa ba wanda zai jure zama sa'o'i biyar kafaɗa da kafaɗa da mai hira a waya. A 2018 majalisar dokokin ƙasar ta sa hana kiran murya a cikin dokar sufurin jiragen sama, a 2020 kuma FCC ta janye shawararta. Shi ya sa ko a jiragen da ke da intanet mai sauri, kamfanoni da yawa sun yarda da rubutaccen saƙo amma sun hana kiran murya da na bidiyo.

Rikicin 5G da ya tashi a Amurka a Janairun 2022 sau da yawa ana haɗa shi da wannan batu, alhali turakun da ke kusa da filayen jirage ya shafa. Zangon da aka ba kamfanonin waya, gigahaz 3.7 zuwa 3.98, ya matso kusa da na na'urar auna tsayin jirgi daga ƙasa, mai aiki a 4.2 zuwa 4.4. An rage ƙarfin turakun na ɗan lokaci, aka kuma gyara na'urorin jiragen.

Batir

A yau abin da ya fi tayar wa ma'aikatan jirgi hankali game da waya shi ne batirinta. Batirin litiyam idan ya fashe, ko aka matse shi, ko ya zo da aibi daga masana'anta, yakan shiga wani zafi mai ciyar da kansa: ya kumbura, ya fitar da farin hayaƙi mai guba, ya kama da wuta, kuma ko an kashe wutar yana iya sake tashi. Ma'aikata kan kashe harshen wutar, sannan su yi ta kwarara ruwa don su sanyaya shi. A Oktoban 2016 Amurka ta haramta shiga jirgi da wayar Samsung Galaxy Note 7 ko da a kashe take, kamfanoni a faɗin duniya suka bi.

Daga nan ne ƙa'idojin kaya suka samo tushe. Batirin ajiya da fawa banki a jakar hannu ake ɗaukarsu, ba a sa su a akwatin da za a kai ƙarƙashin jirgi, domin a cikin fasinjoji akwai idon da zai ga hayaƙi da hannun da zai kai ruwa. Wanda bai wuce wat-awa 100 ba (ma'aunin yawan wutar da batir ke riƙewa ke nan) ana wucewa da shi, daga 100 zuwa 160 sai da izinin kamfani, abin da ya haura haka ba ya hawa jirgin fasinja. Fawa banki mai lamba 20,000 a jikinsa yana kan wat-awa 74 ne. Bayan gobarar da ta cinye wani jirgin Air Busan a filin jirgin Gimhae na Koriya ta Kudu ranar 28 ga Janairun 2025, kafin ya tashi, inda aka kwashe kowa da ransa kuma bincike ya karkata ga fawa banki a ma'ajiyar kaya ta sama, ƙasar ta hana ajiye shi a can. Singapore Airlines da Emirates kuma sun hana yin caji da shi a cikin tafiya.

Akwai kuma gargaɗin da ake yi kafin tashi, wanda mutane ba su cika saurara ba: idan waya ta zame ta faɗa tsakanin kujeru, kada a motsa kujerar, a kira ma'aikaci. Kujerar da ke kwantawa tana da ƙarafa masu naɗewa a ƙarƙashinta, kuma fasinjan da ya danna maɓalli yana laluben wayarsa na iya murƙushe batirin da kansa.

Ikon ma'aikatan jirgi

Ko da dokar ƙasa ta sassauta, kamfani na da ikon tsaurara tasa, kuma a cikin jirgi maganar kyaftin da ma'aikatansa ita ce ta ƙarshe. Sukan nemi a cire abin kunne a saurari bayanin tsaro, a kuma ajiye manyan na'urori lokacin tashi da sauka, domin an tsara jirage ne a kan a iya kwashe kowa cikin daƙiƙa 90 ta rabin ƙofofi, kuma wanda hankalinsa ke kan allo yana jinkirta na bayansa. Ƙin bin umarninsu laifi ne a dokokin ƙasashe da dama, hukuncinsa kan kama daga sauke mutum daga jirgi zuwa tara ko ɗauri. A 1999 wata kotu a Manchester ta ɗaure wani fasinja shekara ɗaya saboda ya ƙi kashe wayarsa a jirgin da ya taso daga Madrid, bayan ma'aikata da kyaftin sun yi ta roƙonsa.