Gajeren fim ɗin katun na zanen hannu

Gajeren fim ɗin katun na zanen hannu fim ne da ake haɗawa da ɗimbin zane, kowanne ya ɗan bambanta da wanda ya gabace shi, ta yadda in aka haska su a jere da sauri sai ido ya ga motsi. Fim na tafiya da hoto 24 a daƙiƙa ɗaya, amma masu zane kan yi 12, kowanne a nuna shi sau biyu. Ko da wannan rangwame, fim ɗin minti 5 na iya cin zane 3,600.

Wannan lissafi ne ke sa a gama shawara kafin a fara zanen motsi. Ana fayyace labarin a ƙananan zane-zane, a jera su a bango, a zubar da abin da bai da amfani tun bai ci wahala ba. Yawanci akan naɗi muryoyi tun da wuri domin motsin baki ya bi magana, kuma mai aiki da Hausa sai ya kula da dogon wasali da gajere.

Daga nan babban mai zane zai fitar da manyan gaɓoɓin motsi, misali ɗaga ƙafa da sauke ta, mataimaki ya cike tsakani. Suna aiki a kan tebur mai fitila a ƙarƙashin gilashi, da takardu masu huji da ake zurawa a ƙarfe don kada su goce. Gwaninta tana ga tazara: zanen da ke kusa da juna motsi ne a hankali, masu nisa kuwa sauri. Mai babbar riga in ya tsaya cak, rigar ba ta tsayawa tare da shi; wanda ya manta da wannan, mutuminsa zai fito kamar gunki. Ana gwada motsin da fensir kafin tawada da launi.

Mai zane Emile Cohl ya fitar da gajeren fim ɗin katun Fantasmagorie a Faransa a 1908 da zane kusan 700. A Nijar, Moustapha Alassane ya yi Bon Voyage Sim a 1966, inda ya sa kwaɗi su yi shaguɓe ga masu mulki.

A Jos ne hedikwatar Hukumar Fina-finai ta Najeriya take, wadda aka kafa a 1979; a can ma makarantarta ta koyon aikin fim take. Hukumar ce ke shirya bikin fina-finai na Zuma a Abuja. Masu koyo a yau galibi a allon kwamfuta suke zane, da manhajojin kyauta irin su Krita da OpenToonz.