Tabon tsufa, duhun fata da keratosis

Tabon tsufa wasu ɗigo-ɗigo ne masu launin ƙasa-ƙasa ko baƙi-baƙi da suke fitowa a wuraren da rana ta daɗe tana duka, bayan hannu, fuska, kafaɗa, damtse, da saman kai idan mutum yana da sanƙo. Galibi bayan an wuce shekara 40 ake fara ganinsu, kuma sun fi yawa ga masu hasken fata. A shafe suke da fata, idan ka ɗora yatsa ba za ka ji tudu ba, ba sa ciwo ba sa ƙaiƙayi. Wasu suna ɗora laifin a kan hanta, to ba ruwan hanta a ciki, kuma shi kansa tsufan ba shi ba ne asalin dalili, ranar da fata ta sha shekara da shekaru ce take nunawa.

Yadda abin yake shi ne, a can ƙasan shimfiɗar fata ta sama akwai wasu ƙwayoyin halitta da aikinsu samar da melanin, sinadarin da yake ba fata da gashi launi. Baƙi da fari kusan yawan ƙwayoyin nan ɗaya suke da shi, bambancin a yawan melanin ɗin da suke fitarwa ne. Duk lokacin da hasken rana ya daki fata, ko wani abu ya fusata ta, sai su ƙara himma don kare ta, idan abin ya yi ta maimaituwa sai launin ya taru wuri guda ya ƙi tafiya.

Sauran masu sa fata duhu

Matsalar da ake yawan samu ita ce mutane duk wani duhu suna masa kallon abu ɗaya, alhali kowanne da dalilinsa. Akwai melasma, wanda ya fi kama mata, yana shimfiɗuwa a kumatu biyu da goshi da saman leɓe, hagu da dama kusan iri ɗaya. Juna biyu yana tayar da shi, ƙwayoyin tsarin iyali ma haka, rana da zafi kuma su ƙara masa ƙarfi, wani ya kan dushe bayan haihuwa wani kuma ya yi zamansa. Akwai tabon da ƙuraje suke bari, ko ƙuna, ko cizon sauro da aka sosa har ya fashe, wannan shi ya fi damun masu duhun fata don fatarsu da an taɓa ta sai ta amsa da melanin, ƙurjin ya warke cikin sati amma tabonsa ya yi watanni.

Sai kuma baƙin da yake fitowa a bayan wuya da hamata da matsematsi, fatar ta yi kauri da laushi. Wannan mutane suna ɗaukarsa dauɗa su yi ta dirza da soso har wurin ya yi ja, kuma ba zai fita ba, don yawanci alama ce cewa jiki ya fara ƙin jin insulin, sinadarin da yake daidaita suga a jini, abin da yake tafiya da ƙiba kuma yake iya zama share fagen ciwon suga. Gwajin jini yake so ba sabulu ba. Cutar Addison, da likitan Ingila Thomas Addison ya bayyana a 1855, tana sa jiki duka ya yi duhu har dasashi da layukan tafin hannu, tare da kasala da rama. Wasu magunguna ma idan aka daɗe a kansu suna canza launi, irin su kulorokwin da amiyodaron.

Keratosis

Keratin shi ne sinadarin da aka gina farce da gashi da saman fata da shi, idan ya taru ya yi kauri a wani wuri to shi ne keratosis, kuma iri-iri ne. Na tsofaffi da aka fi gani tudu ne mai ruwan ƙasa ko baƙi, kamar an ɗiga narkakken kyandir a fata ya bushe, a baya ko ƙirji ko fuska. Muninsa ya fi haɗarinsa, ba cutar kansa ba ce, ba a ɗaukarsa daga wani, gado ne ya fi yawa a ciki. Ga baƙaƙen fata yana zuwa ƙanana-ƙanana birjik a kumatu da gefen ido. Idan ba ya maƙalewa a kaya ko ya dami mutum a madubi ana iya ƙyale shi.

Wanda rana take jawowa shi ne abin lura. Shi ƙarami ne mai kaushi da ɓawo-ɓawo, sau da yawa yatsa ne yake fara jinsa kafin ido ya gan shi, a kunne, hanci, leɓen ƙasa, bayan hannu. Kaɗan daga cikinsu suna rikiɗewa su zama kansar fata, kuma tunda ba a iya gane wanne ne zai rikiɗe sai likitoci su gwammace a magance su. Zabiya suna cikin haɗarin wannan sosai tun suna matasa saboda ƙarancin melanin, haka waɗanda aka yi wa dashen ƙoda suke shan maganin danne garkuwar jiki. Na ukun kuma ƙananan ƙuraje ne marasa ciwo a bayan damtse da cinya, ba komai ba ne, mai mai ɗauke da yuriya ko sinadarin laktik yana lallashinsa.

Magani

Duk maganin da za a yi in ba a tare rana ba aikin banza ne. Man kariya daga rana mai lamba 30 ko sama, a sake shafawa duk bayan awa 2 in ana waje, da hula mai faɗi, kuma har masu duhun fata, don melanin ɗinsu yana rage ƙuna amma ba ya hana tabo ƙara duhu.

Cikin man shafawa wanda aka fi sani shi ne haidurokwinon, kashi 2 zuwa 4 cikin ɗari, yana rage samar da melanin, amma na ɗan lokaci ne a ƙarƙashin kulawar likita kuma a kan tabon kawai. Idan aka zarce da shi shekaru sai ya juya, fatar ta yi wani baƙi mai shuɗi-shuɗi a kumatu wanda ya fi na farko wuyar magani, Tarayyar Turai ma ta hana sa shi a kayan kwalliya tun 2001. Akwai tiretinoyin da yake sa fata saurin sabuntawa, sai dai mai ciki ba ta amfani da shi, ita sinadarin azelayik aka fi ba ta. Bitamin C da niyasinamaid suna taimakawa a hankali. Duka dai sai an yi haƙurin sati 8 zuwa 12 kafin a ga canji, kuma a nan ne mutane suke gajiya su koma man bilicin, wanda gaskiya shi ne mafi munin zaɓi. Da yawansu akwai sitiroyid mai ƙarfi a ciki da yake sa fata ta yi siriri, jijiyoyi su fito, nankarwa da ƙuraje su biyo baya, wasu kuma har da makuri, wato zaiba, mai lalata ƙoda, kuma ranar da aka daina duhun yakan dawo ya fi da.

A asibiti ana daskarar da tabo ko keratosis da ruwan naitirojin mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifili, ko a kankare, ko a ƙona da lantarki ko leza. Ga mai duhun fata sai an yi taka-tsantsan, don daskarewar tana iya barin farin tabo, leza kuma in ba a hannun gwani ba ta ƙara baƙin. Keratosis na rana in ya yi yawa ana ba da man fulororasil ko imikwimod, wurin zai yi ja ya yi ɓawo na wasu satuttuka, hakan alamar yana aiki ne.

Tabon da ya kamata a kai wa likitan fata ba tare da jira ba shi ne wanda yake girma ko canza kama, gefensa ba daidai ba, launi biyu ko uku a cikinsa, faɗinsa ya wuce milimita 6, ko yana jini ya ƙi warkewa, don melanoma, wata muguwar kansar fata, tana iya fakewa da kamannin tabon tsufa ko tawadar Allah. Ga baƙar fata ta fi fitowa a tafin ƙafa, tafin hannu ko ƙarƙashin farce, wuraren da ba kowa yake dubawa ba, kuma ɗan yanki ake cira a duba a ɗakin gwaji kafin a tabbatar.